Katin da aka yi wa magani kafin a san ciwonsa

Yadda abin yake tun farko

Wani mai ɗaukar hoto ne aka ba aikin kwana uku a wurin gini. Aikin babu ƙawa a cikinsa: ya bi rodin da aka ɗaure a bene na farko, ginshiƙi bayan ginshiƙi, ya ɗauke shi da tef ɗin awo a jiki don a ga tazara, kafin a zuba kankare. Injiniyan da ke sa ido kan aikin yana son hotunan a rahotonsa. Da zarar kankare ya hau, rodi ya shige ke nan har abada, saboda haka hoto irin wannan ba a cewa a koma a sake.

Kyamararsa mai megafiksel 24 ce, kuma ya saita ta tana ajiye kowane hoto gida biyu: fayil ɗin RAW, wato ɗanyen bayanin hoton yadda kyamara ta ɗauke shi, mai kusan megabait 25, da JPEG mai kusan 8. Katin da kyamarar ke ajiye hotuna a ciki SDHC ne mai gigabait 32, ya shekara uku yana aiki da shi. A cikin shekarun nan bai taɓa yi masa fomat ba, wato share shi baki ɗaya a fara sabo. In ya cika, sai ya bi yana goge waɗanda ba ya so ɗaya bayan ɗaya a cikin kyamara, ya bar waɗanda yake ganin wataƙila a tambaye shi.

Katin SDHC, tun fitowarsa a 2006, da tsarin FAT32 yake aiki. A tsarin nan an yanka katin zuwa ƙananan ɗakuna, a kati irin nasa kowane ɗaki kilobait 32 ne, sannan akwai rajista a farkon katin mai nuna wane fayil ne ke ɗaki kaza, daga nan kuma ya zarce ɗaki kaza. JPEG ɗaya nasa yana cin ɗaki kusan 250, RAW kuma kusan 800. A katin da aka yi wa fomat, ɗakunan hoto ɗaya a jere suke. A katin da aka shekara ana gogewa ana ƙarawa, kyamara tana cusa sabon hoto duk inda ta sami gurbi, kai a nan, ƙafa a can, rajistar kaɗai ta san yadda za a haɗa su.

Litinin zuwa Laraba: ɗauka

Litinin ya ɗauki hoto 188, Talata 203. Bai sauke su a kwamfuta ba, don yana ganin katin da sauran wuri. Lambar fayil ta kai 9999 a ƙarshen aikin Talata, sai kyamara ta buɗe sabuwar folda a cikin DCIM, babbar foldar hotuna ta katin, ta fara daga 0001. Hotunan Laraba duka a wannan folda ta biyu suka faɗa.

Laraba da yamma, yana kan ginshiƙi na ƙarshe, alamar batir ta daɗe tana ƙiftawa. Ya danna, fitilar rubutu tana ci, kyamara ta ɗauke. Da ya sa wani batir, sai ta ce ba ta iya karanta katin, ta tambaya ko a yi fomat. Ya ce a'a, ya zare katin ya sa a aljihun jaka. An zuba kankare Alhamis da safe.

Alhamis da dare: kwafi na farko

Ya sa katin a wata ƙaramar na'urar karanta kati da ya daɗe da ita, mai sassauƙan baki, wadda sai an ɗan karkata ta take kamawa. Folda ta farko ta buɗe. Ta biyu ta ƙi, kwamfuta ta ce ta lalace.

Ya kwafe ta farko. A cikin JPEG 391, guda 47 sun fito da lahani: wani rabinsa toka-toka, wani ya zame gefe daga tsakiya, wani ƙasansa ya rine ya koma shunayya. Ya goge abin da ya kwafa ya sake. Wannan karon 52 ne, kuma da yawa daga cikinsu ba waɗanda suka lalace da farko ba ne. Ya lura da hakan, amma ya ɗauka katin ne ke ƙara ruɓewa a hannunsa, hankalinsa ya ƙara tashi.

Juma'a: gyara biyu

Da safe ya bi wata shawara da ya gani, ya kunna chkdsk, manhajar Windows mai duba faifai, da umarnin gyara, ta cikin wannan na'urar dai. Manhajar ta yi abin da aka gina ta don shi, wato daidaita rajista. Duk jerin ɗakunan da ta ga babu sunan fayil a kansu ta tattara su a wata folda mai suna FOUND.000, ta raɗa musu FILE0000.CHK, FILE0001.CHK, har guda 318. Folda ta biyu kuwa ta ɓace ɗungurungum.

Da rana ya sauke wata manhajar dawo da hotuna. Ta tambaye shi inda za ta zuba abin da ta samo. Faifan kwamfutarsa ya kusa cika da kwafin daren jiya, sai ya zaɓi katin. Ta yi masa gargaɗi, ya danna ya wuce. Ta rubuta kusan gigabait 1.1 kafin jikinsa ya ba shi cewa akwai matsala, ya tsayar da ita.

Asabar: an daina taɓa katin

Ranar mai hoton ya kawo mini katin don in ceto hotunan. Abin da ya fara faɗa shi ne, "Malam, ina jin katin nan jabu ne." Na tambaye shi me da me aka yi wa katin tun daga Laraba, a jere, kada ya tsallake komai. Sai da na sake tambaya sau biyu kafin maganar gigabait 1.1 ta fito.

Na tura ɗan makullin da ke gefen katin ƙasa. Makullin nan ba ya haɗe da komai a cikin katin, na'urar karantawa ce ke jin inda yake ta yi biyayya ko ta ƙi, don haka na ƙara da hana kwamfutar buɗe katin da kanta. Daga nan na ɗauki JPEG ɗaya daga hotunan Litinin na kwafe shi sau uku da na'urarsa, na fitar da lambar SHA-256 ta kowane kwafi. Lambar nan kamar zanen yatsa take, bait ɗaya ya canza sai ta canza gaba ɗaya. Kwafi uku, lamba uku daban-daban. Na sake da wata na'urar, sau uku, lamba ɗaya.

Sai na kwashe katin baki ɗaya, daga bait na farko zuwa na ƙarshe, zuwa fayil ɗaya a wani faifai, da GNU ddrescue. Amfanin wannan manhaja shi ne ba ta tsayawa kokawa da wurin da ya ƙi karantuwa. Takan wuce ta kwashe mai sauƙi tukuna, ta rubuta inda ta tsallake, sannan ta dawo musu daga baya. Aikin ya ɗauki kusan minti 40. Wurare uku suka ƙi, jimillarsu kilobait 96. Na yi wa fayil ɗin kwafi na biyu, na sa katin a ambulan. Duk abin da ya biyo baya a kan kwafin aka yi.

Folda ta farko ta fito lafiya: JPEG 391 duka sun buɗe. A cikin RAW, guda ɗaya ne ya faɗa kan ɗaya daga wuraren nan uku, kuma tagwayensa na JPEG lafiyarsa ƙalau. Sauran wurare biyun suna ƙarƙashin tsofaffin hotuna ne da ba a nema. Aikin Litinin da Talata ya kuɓuta tun kafin la'asar.

Lahadi: neman hotunan Laraba

Farko sai da muka san nawa muke nema. Ya sa wani kati a kyamarar ya ɗauki hoto ɗaya, ta ba shi lamba 0222. Ke nan 221 ne, fayil 442.

Na fara da fayilolin CHK. Sunansu ba ya faɗin komai, amma farkonsu yana faɗi. Kowane JPEG yana farawa da bait biyu, FF D8, yana ƙarewa da FF D9. RAW na kyamarori da yawa, har da tasa, a kan tsarin TIFF aka gina shi, yana farawa da haruffan II ko MM. Na bi 318 ɗin nan na ware su: wasu JPEG, wasu RAW, wasu kuma gutsattsari ne marasa kai, tsakiyar wani fayil da aka yanke. Waɗanda ke da kai na canza musu ƙarshen suna, na sa ExifTool ta karanta ranar ɗauka da sa'a daga cikinsu ta jera su.

Daga nan na saki PhotoRec a kan kwafin. Ita ba ruwanta da rajista. Bin ɗakunan take ɗaya bayan ɗaya, in ta ga alamar farkon hoto ta fara kwasa har ta ga ƙarshe. Shi ya sa take samo abin da rajista ta manta, kuma shi ya sa ba ta dawo da suna ko folda, sai lambobi masu farawa da f. Ta zubo hotuna sama da dubu biyu, har da na shekarar da ta wuce da ya tabbata ya goge. Rauninta kuma a nan ya bayyana: tana zaton ɗakunan hoto a jere suke. A katin da ya shekara uku babu fomat, sau da yawa takan fara da rodi ta ƙarasa da rabin wani abu dabam.

Da aka haɗa abin da aka samu ta hanyoyin biyu aka cire maimaici, lissafin ya tsaya haka. Hoto 163 sun dawo da RAW da JPEG ɗinsu lafiya. Hoto 40 ɗaya daga cikin tagwayen ne ya tsira, kuma ɗaya ya isa: inda RAW ne ya rayu an fitar da sabon JPEG daga jikinsa. Saura 18, waɗanda duka biyun sun taɓu.

Litinin da Talata na mako na biyu: goma sha takwas ɗin da suka rage

A nan aikin ya koma na hannu, kuma sai an san yadda JPEG yake kafin a gane abin da ido ke gani.

JPEG yana yanka hoto zuwa ƙananan murabba'ai, fiksel takwas a tsaye takwas a kwance, ya matse su ya jera daga sama hagu zuwa ƙasa dama, kamar layin rubutu. Tsawon bayanin kowane murabba'i ba ɗaya ba ne, don haka in bait kaɗan suka ɓace a tsakiya, mai karantawa ya rasa inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Abin da ya biyo baya sai ya zame gefe. Sannan hasken kowane murabba'i da launinsa ba a rubuta su a cike, bambancinsu da na maƙwabcin da ya gabata ake rubutawa. Kuskure ɗaya sai ya bi sauran duka, shi ya sa ake ganin hoto lafiya daga sama, daga wani layi zuwa ƙasa kuma ya rine. Toka-toka kuwa ma'anarta bayanin ya yanke, ko mai karantawa ya ci karo da abin da bai gane ba ya tsaya, manhaja ta cike ragowar da launin babu komai.

Wani abu da ya ruɗa shi tun daren Alhamis shi ne ƙananan hotunan da ke fitowa a folda suna nan lafiya, sai an buɗe a ga ɓarna. Ƙaramin hoton nan fayil ne mai zaman kansa, yawanci 160 a 120, da kyamara ke cusawa a kan babban fayil tare da ranar ɗauka. Lafiyarsa ba ta nuna lafiyar sauran jiki.

Takwas daga cikin 18 sun zo da sauƙi. Kyamara tana ajiye JPEG a cikin kowane RAW, wanda da shi take nuna hoto a allonta, kuma a tasa kyamarar girmansa ya kai na ainihin hoton, sai dai an fi matse shi. RAW ɗin takwas ɗin nan sun ƙi buɗuwa, amma ɓarnar ba ta kai wurin da wannan JPEG yake ba. ExifTool ta zare shi daga kowanne. Lambobin tef ɗin awo suna karantuwa, abin da ake bukata ke nan.

Uku kansu ne ya tafi. Ɗakin farko na kowanne an rubuta wani abu a kai, sauran jiki yana nan a cikin gutsattsarin CHK. A kan JPEG ake ajiye faɗi da tsawon hoto da teburan da ake warware matsin da su, in babu su jikin tarin lambobi ne kawai. Na ɗauko kan wani lafiyayyen hoto da aka ɗauka mintuna kaɗan kafinsu, kyamara ɗaya, saiti ɗaya, na dasa musu da manhajar duba bait. Sun buɗe, amma tun da farkon jikin ma ya tafi tare da kan, hoton ya zame gefe, launin kuma ya karkata zuwa kore. An gyara zamewar da launin iya gwargwado, an yanke siririn layin sama. Wani abu ya biyo bayan dashen: ranar ɗauka da sa'ar da ke jikinsu yanzu na hoton da aka ari kansa ne. A hoton da za a ajiye don tunawa wannan ba komai ba ne, amma waɗannan shaida ce a rahoto. Na goge bayanin aro daga jikinsu, na rubuta a takarda abin da aka yi musu.

Ɗaya ya ci mini rabin yini. Kansa lafiya, kashi biyu cikin uku na sama lafiya, sai toka. Na lissafa inda ya yanke, ya faɗa daidai bakin ɗaki, alamar ragowar tana wani wuri a katin. Na bi gutsattsarin marasa kai masu ƙarewa da FF D9 ina liƙa kowanne ina buɗewa. Na goma sha ɗaya ya zauna daram, rodin sama ya haɗu da na ƙasa babu ko karkata. Da irinsa hamsin ne da ban fara ba.

Shida ba su dawo ba. Biyar suna cikin wurin da gigabait 1.1 na ranar Juma'a ya sauka, inda na duba na tarar da kwafin wasu hotunan Litinin zaune a kansu. Biyu daga cikin biyar ɗin an sami ƙaramin hotonsu na 160 a 120, wanda ake gane ginshiƙi ne amma ba a karanta tef. Na shida shi ne 0221, wanda batir ya yanke: kansa da ɗakuna kaɗan ne suka isa katin, sauran bai taɓa barin cikin kyamara ba.

Akwai manhajojin da ke cewa suna gyara kowane hoto da dannawa ɗaya. Ya gwada guda a kan waɗannan shida, ta fito masa da ƙananan hotunan nan biyu da aka hura suka yi dishi-dishi.

Laraba: gwajin katin

Sai da komai ya kammala, kwafi biyu suna wuri biyu, sannan na koma kan zarginsa. Katin jabu yakan yi ƙaryar girma: ya ce shi gigabait 128 ne alhali abin da ke cikinsa bai kai rabin haka ba, duk abin da aka rubuta bayan iyakarsa ta gaskiya ya ɓace ko ya hau kan na baya. Ana gane shi da H2testw ko F3, waɗanda ke cika katin da bayanan gwaji su sake karantawa. Gwajin yana rubutu a ko'ina, shi ya sa ya zo a ƙarshe.

Na yi wa katin fomat na sa masa F3. Girmansa na gaskiya ne. Amma wasu 'yan wurare sun dawo da abin da ba shi aka rubuta ba, kuma da na maimaita, adadinsu ya ƙaru kaɗan. Katin ya fara gajiya, an ajiye shi.

Hukunci

Abin da ya kira lalacewar kati cuta huɗu ce da suka haɗu, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Gajiyar katin, wadda ya fi zargi, fayil ɗaya ta taɓa a aikin nan. Mutuwar batir ta ci hoto ɗaya ta kuma ɓata rajistar folda ta biyu, domin ta yanke kyamara tana tsakiyar rubutu. Wannan ɓarna ce ta gaske, amma a daren Laraba hotuna 220 suna kwance a ɗakunansu ba abin da ya same su. Na'urar karantawa ita ta ƙirƙiro hotuna 47 da 52 da ya gani a lalace, alhali a kan katin lafiyarsu lau. Alamar tana gabansa tun daren Alhamis: fayil ɗin da ya lalace a kan kati yawanci a wuri ɗaya yake lalacewa, in ɓarna tana yawo daga kwafi zuwa kwafi, a duba hanya.

Mafi tsadar su ita ce ta ranar Juma'a. Ban ga laifin chkdsk ba, rajista aka ce ta daidaita ta daidaita. Sai dai an sa ta yi hukunci da abin da na'ura mai lahani ke karanto mata, ta kuma rubuta hukuncin a kan kwafi ɗaya tilo da ake da shi. Ina kyautata zaton wasu jerin da ta yanke lafiyayyu ne, karatun ne ya zo mata a karkace, ko da yake tun da babu kwafin katin na kafin Juma'a, zato ne. Na gigabait 1.1 kuwa babu zato a ciki, hotuna biyar ɗin nan na ga abin da ya hau kansu.

Abubuwa biyu suka cece shi, kuma duka shi ya yi su da hannunsa. Ya ƙi fomat ranar Laraba, ga shi wasu kyamarori in sun yi fomat sukan umarci katin ya share ɗakunan da gaske, ba rajista kaɗai ba. Sannan yana ɗauka gida biyu, wanda shi ya dawo da 48 daga cikin 58 da suka taɓu. Rashin fomat na shekara uku kuma shi ya mayar da aikin yini ɗaya na kwana huɗu.

An miƙa wa injiniya hoto 606 daga cikin 612, tare da takardar da ta bayyana ukun da aka yi wa dashe da takwas ɗin da aka zaro daga RAW. Ya karɓi takwas ɗin, ya ware ukun ya sa su a rataye a ƙarshen rahoto. Biyar daga cikin shidan da suka ɓace akwai wasu hotunan ginshiƙansu ta wata kusurwa. Ginshiƙi na ƙarshe, na 0221, sau ɗaya aka ɗauke shi, kuma a rahoton an rubuta a gabansa cewa babu hoto.